Tarkon da Minista Sunneva Ta Ɗana

Sunneva Ketilsdóttir ba ta canza wurin wankanta ba don an naɗa ta ministar kamun kifi. Kowace safiya, kafin ta wuce ofis, sai ta biya ta wurin iyo na unguwarsu a yammacin Reykjavík, ta ɗan yi ninkaya, sannan ta shiga kwarmin ruwan zafi inda tsofaffin unguwa suke jiƙa ƙasusuwansu suna gyara ƙasa da baki. A cikin ruwan nan babu minista babu direba. Kowa da sunansa ake kiransa, kuma kowa yana da abin cewa.

Wata safiya cikin hunturu, tururi ya turnuƙe har ba ka ganin fuskar na kusa da kai, sai wani tsohon kaftin mai suna Bessi ya matso kusa da ita yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Sunneva, ashe haka bakinki yake da kaifi? Dafaffen kifi marar gishiri! Tun jiya matata take dariya har da riƙe ciki."

"Wane ne kuma dafaffen kifi?" in ji ta.

"Haba, ke da kika raɗa masa sunan? Firaminista mana."

Tsofaffin suka kwashe da dariya, ita ma ta taya su don kada a gane. Sau ɗaya tak ta faɗi wannan magana, a ofishinta, ƙofa a rufe, a gaban mutum biyu.

Na farko shi ne Ormar, mai ba ta shawara. Tun tana budurwa tana feɗe kifi a masana'antar garinsu, Grjótvík, suke tare. Shi ne sakataren ƙungiyar ƙwadago mai dogon gashi da ya ji ta tana yi wa manaja tsiya a kan kuɗin aikin dare, ya ce mata, "Ke, wannan bakin naki asara ce a bar shi a cikin ƙarnin kifi." Shi ya rubuta mata jawabinta na farko, shi ya tuƙa ta a tsohuwar motarsa gari-gari lokacin da ta fara neman kujerar majalisa. Na biyu kuwa Valgeir ne, shugaban jam'iyyarsu ta 'yan ƙwadago kuma ministan kuɗi, dogon mutum mai sanyin murya, wanda ya dage sai an ba ta minista duk da gunagunin manyan jam'iyya.

Washegari maganar ta fito a jarida da manyan baƙaƙe. Ba zagin ne ya dame ta ba, lokacin da ya fito ne. Tana tsakiyar shirya ƙudirin dokar da ta shiga siyasa dominta: a yanki wani kaso daga kifin da aka yarje wa manyan kamfanoni su kama, a mayar wa ƙananan garuruwan bakin teku da suke mutuwa a tsaye. Jam'iyyar firaminista kuwa, wadda suke gwamnatin haɗin gwiwa da ita, ta masu jiragen ruwa ce, da ƙyar aka sa ta amince. Yanzu an ba su dalilin kumbura baki.

Ta je ta ba firaminista haƙuri. Ya karɓa da fuskar nan tasa da ba ta nuna komai, har ta ji a ranta cewa sunan dai ya dace da shi.

Da abin ya tsaya nan, da ta ce tsautsayi ne. Amma bai tsaya ba. Kafin ƙanƙara ta narke, girman kason da take son yanka ya fito a jarida. Bayan shi sunayen garuruwan da za su fara amfana suka fito, waɗanda ba a sa ba suka tashi da fushi. Duk abin da aka tattauna a ofishinta da safe, kafin a kwana biyu masu jirage sun shirya amsarsa a talabijin. 'Yar jarida ɗaya ce take bugawa, wata Hrefna, kuma ba ta taɓa kuskure ko da kalma ɗaya ba.

Wata rana bayan taron ministoci Valgeir ya riƙe ta a bakin matakala.

"Ba na son shiga tsakaninki da mutanenki," in ji shi a hankali, yana gyara igiyar wuyansa. "Amma kin san inda 'yar Ormar ta samu aiki?"

"Ta gama karatun lissafi, na san tana nema."

"Ta samu. A ofishin Kamfani. Ƙila ba komai ba ne. Ƙasar ƙarama ce, dole yaro ya yi aiki a wani wuri. Na dai ce kada ki ji a bakin wani."

A yankinsu Sunneva ba a kiran kamfanin da suna. Kamfani kawai ake cewa, don shi ya saye jirage da kason kifin garuruwa da dama, har da na Grjótvík.

Ta jira Ormar ya gaya mata da bakinsa. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, bai ce komai ba. Daga nan ta fara ganin abubuwan da a da ba ta lura da su. Wayarsa na yin ƙara sai ya duba, ya tashi ya fita baranda ya ja ƙofa. Wasu ranakun da tsakar rana sai ya ɓace, ya dawo yana taunar alewar na'ana'a, ya ce ya je miƙe ƙafa. Ormar da ko shago mota yake shiga ya je! In ta shigo ofishinsa ba zato sai ya kifa wayar a kan tebur. Ta fara rage abin da take faɗa a gabansa. Shi ma ya lura, ya rage barkwancinsa, ita kuma ta ɗauki wannan a matsayin alamar marar gaskiya.

Da bazara ta shigo ta tafi gida bikin Ranar Masunta. Garin ya yi ado da tutoci, yara suna tseren kwale-kwale a tashar da a da jirage suke cika ta, yanzu kuwa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A gidan mahaifiyarta aka dafa miyar naman rago, aka ajiye busasshen kifi da man shanu. Yayanta Hjalti, kaftin a ɗaya daga cikin jiragen Kamfani, ya shigo yana cire hula yana washe baki.

"A'a, ga mai girma minista, mai ƙwace mana lomar baki! An ce har jirgina kin sa a lissafi, duk wanda ya wuce tsawon kaza sai an yanke masa."

Sunneva ta ajiye cokali. Maganar tsawon jirgi ba ta fito a jarida ba tukuna.

"Yaya Hjalti, wa ya gaya maka?"

"Wa ya gaya mini? Kowa a tasha ya sani."

"Kowa ba suna ba ne. Wa ka fara ji a bakinsa?"

"Ke Sunneva, kotu muka zo ko cin abinci? A ofis na ji ana yi, ban tambayi wanda ya kawo ba."

"A ofishin da 'yar Ormar take?"

Ya dube ta, dariyar ta bar fuskarsa. "Yarinyar nan albashin ma'aikata take lissafawa. Ki ji tsoron Allah."

Mahaifiyarsu, wadda ta haura tamanin amma kunnenta garau, ta ajiye tukunyar kofi da ƙarfi. "Tun da kika sauka kike kallon mutane kamar ma'aikacin kwastan. Har ni kin bi da wannan idon da na tambaye ki aiki. In haka kujerar take mayar da mutum, ki dawo ki feɗe kifi."

"Mama, ba ki san abin da ake yi mini ba ne."

"Na san dai miyarki tana hucewa."

A jirgin komawa ta yanke shawara. Ba za ta zargi mutum da zato ba, za ta ɗana tarko. Za ta gaya wa Ormar wata ƙarya, shi kaɗai, ta ga ko za ta fito. Sai dai ƙaryar in ta fito za ta girgiza gwamnati, don haka ta ga bai kamata shugaban jam'iyya ya tashi ya gan ta a jarida ba shiri ba. Ta same shi a ofishinsa ta zayyana masa komai.

Valgeir ya gyaɗa kai. "Dabara ce," in ji shi. "Amma ina roƙon kada ta kama komai. Ormar namu ne tun kafin a san da ni."

Da yamma ta kira Ormar ta rufe ƙofa. Ta ce masa ta gaji da jan ƙafar firaminista, za ta shigar da ƙudirin majalisa ba sanarwa, ana gab da tafiya hutun bazara, yadda masu jirage ba za su samu damar shiri ba.

Ya zaro ido. "Kin haukace? Wannan ai rusa gwamnati ne. Valgeir ya sani?"

"Babu wanda ya sani sai ni da kai. Kuma haka nake so ya zauna."

Ya yi ta ba ta baki, ta ce ta gama magana. Yana fita ta ji wayarsa ta yi ƙara, ta ji takunsa ya nufi baranda.

Ba a rufa kwana biyu ba labarin ya fito, da sunan Hrefna a ƙasansa: ministar kamun kifi tana shirin yi wa abokan gwamnati kwanton ɓauna. Sunneva ta karanta a tsaye a ɗakin girkinta. Abin mamaki, ba baƙin ciki ta fara ji ba, wani irin sauƙi ta ji, irin na wanda aka cire wa haƙorin da ya daɗe yana ciwo.

Ta ajiye jaridar a gaban Ormar. "Ƙarya ce na yi maka. Babu wani shiri. Kai kaɗai na gaya wa."

Ya karanta kanun, ya ɗago ya dube ta. Ta yi tsammanin zai yi rantsuwa, ko ya yi ihu. Bai yi ko ɗaya ba.

"Tarko kika ɗana mini," in ji shi. "Ni."

"Me ya sa ba ka gaya mini 'yarka tana Kamfani ba?"

"Don kunya nake ji. Kuma don na san irin kallon da za ki yi mini, ga shi kuwa kina yi."

"Wayoyin da kake fita amsawa fa? Yawon tsakar rana fa?"

Ya tashi ya ɗauki rigar sanyinsa daga jikin ƙofa. "Wanda ya riga ya yanke hukunci ba shaida yake nema ba. Ki sa a aiko mini da littattafaina."

Bayan tafiyarsa jarida ta yi tsit. Duk tsawon hutun ba abin da ya fita daga ofishinta, ta ce wa kanta ai ga amsa nan. Amma da majalisa ta dawo da kaka, Valgeir ya gayyace ta shan kofi, ya yi mata bayani da muryar nan tasa mai sanyi cewa firaminista ya daina yarda da ita tun labarin kwanton ɓauna. Ko da yake ƙarya ne, ɓarnar ta riga ta auku. Don a ceci gwamnati, ƙudirin zai ɗan jira, ita kuma za a mayar da ita ma'aikatar al'adu, wadda take buƙatar mutum mai ƙarfi irinta.

"Amma kai ka san labarin ƙarya ne," in ji ta. "Ka gaya masa mana."

"Na gaya masa. Sai ya ce ministar da take ɗana wa mutanenta tarko, shi me zai hana ta ɗana masa?" Ya buɗe hannuwa. "Ki yi tunani, ba gaggawa."

Tana cikin wannan tunanin ta je yankinsu wani taro. A hanyar dawowa iska ta taso, aka dakatar da jirgi, fasinjoji suka zauna jira a ƙaramin filin jirgin Ísafjörður suna kallon dusar ƙanƙara tana bugun gilashi. Wata mata mai gajeren gashi ta zo ta zauna kusa da ita riƙe da kofi biyu, ta miƙa mata ɗaya. Hrefna ce.

"Babu guba a ciki," in ji 'yar jaridar.

"Gubarki a takarda kike zuba ta."

Hrefna ta yi dariya. Suka ɗan taɓa hirar iska da ta hanya. Can sai ta ce, "Na ga Ormar kwanaki. Ya rame, amma an ce ya kusa shekara bai sha giya ba. Kullum da rana yana zuwa taron masu barin giya, ga wani da yake kiransa a waya yana ƙarfafa masa gwiwa. Ya ƙi gaishe ni ma. Tun da nake aikin nan mutumin nan bai taɓa ba ni komai ba sai baƙar magana."

Sunneva ta juyo gaba ɗaya. "Me kike nufi?"

"Ba na faɗin inda nake samun labari, ko a gaban alƙali. Wanda bai ba ni ba kawai na faɗa." Ta kurɓi kofinta. "Kin dai bar jaki kin daki taiki."

Aka kira fasinjoji. Duk tsawon tafiyar, jirgi yana rawa a cikin iska, mutane suna riƙe kujeru, Sunneva ba ta ma san ana yi ba. Ta ce wa Ormar shi kaɗai ta gaya wa, kuma har cikin ranta haka ta ɗauka. Ba ta lissafa da Valgeir ba, mutumin da ta je ofishinsa da ƙafarta ta zayyana masa tarkon, don ba ta taɓa sa shi a cikin waɗanda ake zargi ba. Shi ne kuma yake zaune a ofishinta ranar dafaffen kifi. Shi ya kawo mata labarin 'yar Ormar.

Daga filin jirgi ofishinsa ta wuce, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Mutum biyu suka san ƙaryar nan, Valgeir. Na kori ɗaya."

Bai firgita ba. Ya cire tabarau ya goge. "Sunneva, kin gaji. Jiya Ormar, yau ni, gobe kuma wa? Mahaifiyarki?"

"Ka ce mini ba kai ba ne."

"Ba ni ba ne." Ya faɗa yana kallon cikin idonta, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. "Amma tunda kin zo, bari in gaya miki abin da ba kya son ji. Da ƙudirin nan ya shiga majalisa, da gwamnati ta faɗi, da mun koma 'yan adawa mu yi shekaru muna ihu ba mai ji. Ƙarin kuɗin tsofaffi da gidajen haya masu sauƙi da muka samo, da duk sun bi ruwa. Ko wane ne ya yi, bai yi wa jam'iyya illa ba."

"Ya yi wa Grjótvík."

"Grjótvík ƙuri'a nawa ce?" in ji shi, sannan ya yi saurin ƙarawa, "Ba haka nake nufi ba."

Ba ta karɓi ma'aikatar al'adu ba. Ta ajiye muƙaminta ta koma kujerar baya a majalisa, ta shigar da ƙudirin da sunanta ita kaɗai, aka kayar da shi, har da ƙuri'un wasu 'yan jam'iyyarta. A babban taron jam'iyya ta tsaya takarar shugabanci da Valgeir. Ba ta da hujjar da za ta nuna, don haka ba ta zarge shi a fili ba, shi kuwa ya yabe ta a jawabinsa har aka yi tafi, ya kuma kayar da ita. Mutanen yankinta dai sun sake zaɓenta, Hjalti ma ya ce ya ba ta ƙuri'arsa, ko da yake ba ta san ko tsokana yake yi ba. Minista kuwa ba ta sake zama ba.

Sai da aka gama duk wannan ta iya zuwa wurin Ormar. Ya koma aiki a wani ƙaramin ofishin ƙungiyar ƙwadago, yana zaune shi kaɗai a wani bene kusa da tsohuwar tasha. Ya buɗe ƙofa ya ga ita ce, ya matsa ta shiga.

"Na zo in ce na yi kuskure," in ji ta tun kafin ta zauna. "Me ya sa ba ka gaya mini maganar giyar ba?"

"In gaya wa minista mai ba ta shawara ya koma kwalba, a tsakiyar yaƙi? Da kin tausaya mini. Na gwammace ki zarge ni." Ya ɗora ruwan kofi. "A'a, ƙarya nake yi. Ban zaci za ki iya zargina ba, shi ya sa ban damu in yi bayani ba."

"Ka yafe mini?"

"Ban sani ba tukuna. Zauna dai, akwai ragowar kifi da dankali."

Ya buɗe firji zai ɗauko. A ciki ta hango wani farin kwali na daskararren kifi, da tambarin Kamfani a jikinsa, irin wanda ake raba wa ma'aikata da manyan baƙi lokacin Kirsimeti. Ba ta yi niyya ba, amma idonta ya tsaya a kai, kanta kuma ya fara lissafi: Hrefna ta ce bai ba ta komai ba, to amma maganar tsawon jirgi ai ba ta jarida ta bi ba, a ofishin Kamfani Hjalti ya ji ta.

Ormar ya bi idonta da kallo har kan kwalin. Ya tsaya riƙe da ƙofar firjin.

"'Yata ce ta kawo mini," in ji shi a hankali.

"Na sani," in ji Sunneva da sauri. "Ban ce komai ba."

"Ba ki ce ba."

Ya ɗauko kwanon ya rufe firjin, ya juya mata baya yana kunna wuta. Ta ja kujera ta zauna, ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta kafa shi a kan tebur har abincin ya yi zafi.